Masu Bin Diddigin Baitulmali da Halin da Nasu Asusun Yake Ciki

A ƙarshen kowace shekara, idan gwamnan Jihar Jigawa ya shiga zauren majalisar dokoki a Dutse ya ajiye kundin kasafin kuɗi a gaban wakilan jama'a, a cikin ɗaruruwan shafukan wannan kundi, waɗanda aka cika da lambobi da sunayen ma'aikatu, akwai wasu 'yan layuka da suka shafi ƙasar Miga: ajujuwan da za a gina, da ɗakin shan maganin da za a gyara, da jingar da za a ɗaga a bakin kogi domin kada ruwan damina ya sake cinye shinkafar fadama kamar yadda ya yi a 2020 da 2022. Mutumin Hantsu ko Sansani ko Zareku ba ya ganin kundin, kuma ko da an miƙa masa shi, da Turancin akantoci aka rubuta shi. Abin da idonsa yake iya shaidawa shi ne ko an yi aikin ko ba a yi ba. To, a tsakanin alƙawarin da ke cikin takarda da ginin da ke tsaye a ƙasa, akwai wata 'yar jama'a wadda ta ɗora wa kanta karanta kundin, da fassara shi, da zuwa wurin aikin da awo a hannu, da komawa Dutse ta faɗa wa hukuma abin da ta gani. Su ne ƙungiyoyin fararen hula masu bin diddigin kasafi, waɗanda ba riba suke nema ba, kuma ba albashin gwamnati suke ci ba.

An yi magana da yawa a kan fa'idar aikinsu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne mas'alar da ta fi kusa da rayuwarsu, wato daga ina suke samun abin da suke biyan hayar ofis da albashin ma'aikaci da man babur, kuma har zuwa yaushe wannan kafa za ta ci gaba da zubo da ruwa.

Dukiyar da suke sa wa ido ba ƙarama ba ce, kuma ƙaruwa take yi. Kasafin da Gwamna Umar Namadi ya gabatar na shekarar 2024 ya kai naira biliyan 298, na 2025 kuwa ya kai biliyan 698, saboda janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya sun kumbura kason da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya. Ƙaramar hukumar Miga, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 128 da ɗoriya, ɗaya ce daga cikin 27 da suke da haƙƙi a cikin wannan dukiya.

Tambayar mai mulki yadda ya tara dukiyar jama'a da yadda ya kashe ta ba bidi'a ba ce da Turawa suka kawo ƙasar Hausa, ko da yake wasu masu riƙe da madafun iko suna son a ɗauka haka. Tun a ƙarshen ƙarni na goma sha biyar Shaihu Muhammadu al-Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha a kan wajiban sarauta, kuma a cikinta ya ware babi a kan hanyoyin halal na tara kuɗin hukuma da wani a kan inda ya halatta a kashe su. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa harajin zalunci, har da jangali, a cikin alamomin mulkin da ya yi wa tawaye. Ƙaninsa Abdullahi kuma, da ya sauka a Kano, ya rubuta Liya'ul Hukkami domin ya fayyace wa mahukunta haddin da shari'a ta gindaya musu. Abin da zamani ya ƙara a kan wannan gado shi ne dokoki rubutattu: dokar kula da kashe kuɗin gwamnati da dokar ba da kwangila, duka na 2007, da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, waɗanda suka ba talaka hujjar neman takardar da a da sai dai ya ji labarinta. Sai dai malaman can na da suna da gonakinsu da almajiransu da sadakar jama'a, ba su jiran kowa ya sa musu hannu a takardar tallafi kafin su yi magana, kuma a nan ne bambancin yake.

Mafi shahara a cikin ƙungiyoyin wannan fage a Nijeriya ita ce BudgIT, wadda Oluseun Onigbinde da Joseph Agunbiade suka kafa a Legas a 2011, da niyyar mayar da kundin kasafi zuwa zane da jadawalin da mai wayar hannu zai iya fahimta. A 2014 ta buɗe sashen Tracka domin bin ayyukan mazaɓu ƙauye-ƙauye. Kowace shekara tana fitar da rahoton da yake auna ƙarfin aljihun jihohi 36. Ita ce ta bayyana cewa an maimaita ayyuka 316 a kasafin tarayya na 2021, ita ce kuma ta ƙirga ayyuka sama da dubu 11, na kusan naira tiriliyan 7, waɗanda ta ce majalisar tarayya ta cusa a kasafin 2025. A gefenta akwai CISLAC ta Auwal Musa Rafsanjani, da CODE ta Hamzat Lawal, wadda ta yi suna tun 2012 da bin kuɗin tsabtace garin Bagega na Zamfara daga gubar dalma. Duk wanda ya duba rahotannin shekara na waɗannan ƙungiyoyi zai tarar da sunayen masu ba su tallafi suna maimaita kansu: gidauniyar Gates, da Omidyar da reshenta Luminate, da MacArthur, da Ford, da OSIWA, da hukumomin agaji na gwamnatocin Amurka da Ingila da Tarayyar Turai. Da ƙyar ido yake faɗawa kan sunan wani attajirin gida.

A Jigawa kuwa labarin ya fi karkata ga Ingila. Tun farkon shekarun 2000 hukumar agajin Ingila, DFID, ta zaɓi jihar a cikin 'yan jihohin da take aiki da su a kan gyaran mulki. Daga 2008 zuwa 2016 ta gudanar da shirye-shirye biyu tagwaye, SPARC a ɓangaren ma'aikatun gwamnati da SAVI a ɓangaren ƙungiyoyi da 'yan jarida da majalisa, sa'an nan PERL ya gaje su daga 2016. A ƙarƙashin wannan inuwa ne gamayyar masu sa ido a kan ayyuka, wadda aka sani da PMP, ta yi ƙarfi a Dutse, har ta kai ana zagayen duba kwangiloli tare da hukumar tantance kwangila ta jiha, ana kuma tattara buƙatun al'umma a miƙa su kafin a rufe kasafi. Sakamakon ya fito fili: a binciken da ƙungiyar CIRDDOC ta Inugu ta yi a 2018 a kan bayyana kasafi a jihohi, Jigawa ce ta zo ta ɗaya, ta kuma riƙe matsayin a binciken 2020. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2018 da dala miliyan 750 yana saka wa jihohi da kyautar kuɗi idan sun wallafa kasafinsu da rahoton mai binciken kuɗi a kan lokaci, shi ma ya taimaka, domin ya sa bayyana gaskiya ta zama abin da gwamna yake samun riba a kansa. Wannan abin alfahari ne na haƙiƙa, kuma bai kamata a rage wa gwamnatocin Sule Lamido da Badaru Abubakar rabonsu na yabo a ciki ba. Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa mafi yawan kuɗin horo, da na zauren taro, da na motar zagaye, daga aljihun mai biyan haraji na Landan suka fito.

Idan akanta zai auna lafiyar asusun ƙungiya irin wannan, ba ya tsayawa a kan yawan abin da ya shigo, domin ƙungiya tana iya karɓar miliyoyi ɗari a shekara alhali tana bakin gargara. Abin da yake fara tambaya shi ne, a cikin abin da ya shigo, nawa ne mai sharaɗi, nawa ne kuma sakakke. Kuɗi mai sharaɗi shi ne wanda mai bayarwa ya ƙayyade masa aiki da wa'adi: bita kaza a ƙananan hukumomi kaza a cikin wata goma sha takwas, kowane kobo da rasiti, abin da ya rage kuma a mayar. Irin wannan kuɗi amana ce da ta bi ta hannun ƙungiya, ba dukiyarta ba ce. Ba ta da ikon ta biya hayar shekara mai zuwa da shi, ko ta riƙe ƙwararren ma'aikacinta a watannin da ke tsakanin ƙarewar wani shiri da farawar wani, ko ta ɗauki lauya idan aka maka ta a kotu. Kason da ake yarje mata na gudanar da ofis ya daɗe yana tsayawa a wajen kashi 10 cikin ɗari a tallafin gwamnatin Amurka har zuwa 2024, alhali gidauniyar MacArthur da kanta, bayan ta yi nazarin abin da ƙungiyoyi suke kashewa a zahiri, ta ɗaga nata zuwa kashi 29 daga 2020, wanda ya nuna girman giɓin da ƙungiyoyi suka daɗe suna cikewa da yunwarsu. Daga nan akantan zai tambaya ko akwai ajiya, kuma idan tallafi ya yanke yau, wata nawa za ta ɗauki ofishin. Zai tambaya ko mai bayarwa guda ne yake riƙe da fiye da rabin kuɗin. Zai nemi rahoton mai binciken kuɗi na waje. Manyan ƙungiyoyin Legas da Abuja suna iya amsa wasu daga cikin waɗannan tambayoyi da kai a sama, domin suna da masu tallafi da yawa, wasunsu ma sun sami tallafin shekara biyar marar sharaɗi irin wanda gidauniyar Ford ta ƙirƙiro a shirinta na BUILD. Ƙaramar ƙungiyar da ke da ɗaki biyu a Dutse kuwa, wadda galibi ba ta karɓa kai tsaye daga mai bayarwa sai ta hannun wani kamfanin da aka ba kwangilar gudanar da shirin, ita tata ajiyar ita ce haƙurin mambobinta, waɗanda akasarinsu malaman makaranta ne da tsofaffin ma'aikata da matasan da suka gama karatu ba su sami aiki ba.

Faɗuwar naira ta yi wa waɗannan biyu aiki daban-daban. Dalar da hukuma take sayarwa a wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, saboda haka wanda yarjejeniyarsa take da dala ya ga lambobin asusunsa sun ninka, har mai kallo daga waje ya zaci arziki ne. Wanda aka rubuta tasa da naira kuwa, kamar yadda ake yi wa mafi yawan ƙananan ƙungiyoyi, ya wayi gari da kasafin da aka tsara lokacin da litar mai ba ta kai naira 200 ba, ana neman ya yi aiki da shi bayan ta haura dubu, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34 da ɗoriya a ƙarshen 2024. Tafiya daga Dutse ta Kiyawa da Jahun zuwa Miga, a duba rufin aji a dawo, ta zama abin da sai an yi shawara. Idan zagaye ya ragu daga huɗu zuwa ɗaya a shekara, ɗan kwangila ne yake fara sani.

Ana cikin wannan ne rijiyoyin suka fara ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Ingila ta narkar da DFID a cikin ma'aikatar harkokin wajenta a 2020, ta rage agajinta daga kashi 0.7 na arzikin ƙasa zuwa 0.5 a 2021, sa'an nan a watan Fabrairu na 2025 Firayim Minista Keir Starmer ya sanar da cewa zai sauka zuwa 0.3 nan da 2027 domin a ƙara wa tsaro. Babban shirin MacArthur na yaƙi da rashawa a Nijeriya, wanda ya ɗauki nauyin ƙungiyoyi da kafofin labarai masu yawa, ya kai wa'adinsa a 2024. A ranar 20 ga Janairu 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin Amurka na kwana 90, kafin watan Maris ya ƙare an soke kashi 83 cikin ɗari na shirye-shiryen hukumar agajin Amurka, USAID, ranar 1 ga Yuli kuma aka rufe hukumar. Ko ƙungiyar da ba ta taɓa karɓar sisin Amurka ba ta ji a jikinta, domin waɗanda aka kora daga wannan ƙofa duk sun taru a bakin 'yan ƙofofin da suka rage. Kuma idan mai bayarwa ya tsaya zaɓe tsakanin maganin zazzaɓi da bitar karanta kasafi, kowa ya san wanda zai ɗauka, kuma ba za a zarge shi ba.

Suna da tarihi ba sa ceton ƙungiya daga wannan. Ƙungiyar Idasa ta Afirka ta Kudu, wadda Frederik van Zyl Slabbert da Alex Boraine suka kafa a shekarun ƙarshe na mulkin wariyar launin fata, tana cikin waɗanda suka fara koya wa nahiyar nan nazarin kasafi ta fuskar talaka da mata da yara, kuma daga ƙasashe da yawa aka riƙa zuwa ɗaukar darasi a wurinta. Da masu tallafi suka yanke cewa Afirka ta Kudu ta yi arzikin da za ta riƙe kanta, kuɗi suka janye, bashi ya taru, a 2013 aka rufe ta ta hanyar kotu.

Mai karatu zai ce, to me zai hana gwamnatin jiha, wadda take alfahari da matsayinta na farko, ta ware musu wani abu? A nan ne mas'alar ta fi tsanani, domin Bahaushe ya riga ya yanke hukunci cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba lalle ne a sayi mutum da kwangila ba. Kuɗin zama a kwamiti, da kujera a motar tawaga, da suna a jerin masu tafiya bita Kaduna, sun isa su tausasa harshe a hankali, ta yadda mai shi ba zai san ranar da ya daina tambaya ba. Jama'a kuma suna lura. A watan Satumba na 2019, da aka ji Onigbinde ya karɓi matsayin mai ba da shawara a ofishin ƙaramin ministan kasafi, suka ta yi yawa har ya ajiye matsayin a cikin 'yan kwanaki, ko da yake ya bayyana cewa wata hukumar raya ƙasashe ce take ɗaukar nauyin kujerar. Wani bincike da Matthew Page ya wallafa a cibiyar Carnegie a 2021 ya ƙirga ƙungiyoyi aƙalla 360 a Nijeriya waɗanda aikinsu shi ne yabon gwamnati da sukar masu sukarta, mafi yawansu ba su da ofis sai jakar shugabansu da takarda mai tambari. A ganina wannan shi ne haɗarin da ya fi rufewa muni: ƙungiyar da ta mutu an san babu ita, wadda yunwa ta mayar maroƙiya kuwa tana nan da sunanta na da, tana sa hannu a kan aikin da ba ta je ta gani ba.

Haka kuma ba daidai ba ne a wanke ƙungiyoyin tas. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agusta na wannan shekara, ta wajabta wa ƙungiyoyi masu rajista su riƙa miƙa bayanin kuɗinsu ga hukumar rajistar kamfanoni, kuma sashe na 839 ya ba hukumar ikon dakatar da amintattun ƙungiya, abin da malaman addini da 'yan fafutika suka yi wa ca, da hujja mai ƙarfi, cewa sanda ce da za a iya dukan mai suka da ita. Amma ƙin sashen da ake tsoro bai sauke wajibin hisabi ba. Wanda yake neman kwamishina ya manna kasafin ma'aikatarsa a allo, ya kamata a sami nasa a manne a ƙofar ofishinsa: nawa ya karɓa, daga wa, nawa ne albashin shugaba, wa ya binciki littafin. Masu yin haka a cikinsu ba su kai yadda ake so ba, kuma kowace ƙungiya da ta ɓoye littafinta tana ba ɓarawon gwamnati amsar da zai jefi sauran da ita.

Saura hanyar gida. Ƙasar Dutse ba baƙuwar bayarwa ba ce. Kwamitin zakka na masarautar, wanda ya bunƙasa a zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammadu Sanusi, ya zama abin misali a Arewa wajen tara hatsi da dabbobi da kuɗi gunduma-gunduma a raba wa mabuƙata a garin da aka tara su. Sai dai zakka tana da masarifinta guda takwas da Alƙur'ani ya ƙayyade a Suratut Tauba, kuma ba abu ne mai sauƙi malami ya shigar da hayar ofishin masu bin kasafi a cikinsu ba. Waƙafi kuwa ƙofarsa a buɗe take ga kowace maslaha ta jama'a: rumfunan kasuwa, ko gida mai haya a Dutse, ko gonar fadama a Miga, waɗanda za a tsayar da asalinsu a riƙa kashe amfaninsu a kan aikin, za su ba ƙungiya abin da duk tallafin waje bai ba ta ba, wato kuɗi sakakke wanda ba ya ƙarewa da wa'adi. Cikas ɗin a bayyane yake, ko da ba a son faɗinsa: a jihar da gwamnati ce babbar mai sayen kaya da ba da aiki, mafi yawan masu halin yin waƙafi su ne 'yan kwangilar da ake zuwa auna gininsu. Don haka la'alla abin da ya fi kusa shi ne tsohuwar hanyar da jam'iyyar NEPU ta bi bayan kafuwarta a Kano a 1950, lokacin da teloli da mahauta da 'yan koli suke yankar kati da kobo-kobonsu, da kuma hanyar ƙungiyoyin ci gaban gari da na manoman shinkafa, waɗanda har yau suke tara kuɗin gyaran famfo da na kai marar lafiya asibiti ba tare da kowa ya rubuta musu takardar neman tallafi ba. Kuɗin da za a tara ta nan ba zai biya zauren otal ba, amma zai cika tankin babur, kuma mai bayarwa yana zaune a garin da aka yi ginin.

Lokacin kuma ya matse. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma duk da jan ƙafar da aka yi wajen aiwatarwa, alƙiblar ta nuna cewa kuɗi masu yawa za su riƙa sauka a sakatariyar Miga da ire-irenta, inda babu ɗan jarida mazauni, babu kuma shafin intanet da ake wallafa kasafi a kai a kai. Ƙungiyoyin da aka horar a cikin shekaru ashirin ɗin nan sun ƙware a kan kundi guda na jiha. Yanzu ana buƙatar wanda zai karanta kundi 27, a daidai shekarun da kason agajin Ingila yake gangarawa zuwa 0.3.